Heinrich Zaki: basaraken Jamus da ya raya kasuwanni ya kuma kashe wasu

Birnin Munich a kudancin Jamus da na Lübeck a arewacinta duk sun tashi ne a sakamakon rikicin kasuwa a ƙarni na 12, kuma mutum ɗaya ne ya haddasa rikicin a wuraren biyu: Heinrich, sarkin Saksoniya da Bavariya, wanda Jamusawa ke yi wa laƙabi da Zaki.

An haifi Heinrich a wajajen shekara ta 1130 a gidan sarautar Welf, ɗaya daga cikin manyan gidaje biyu da ke kokawar neman mulkin Jamus a wancan zamani. Mahaifinsa, wanda shi ma Heinrich ne sunansa, ana kuma yi masa laƙabi da Mai Girman Kai, shi ke riƙe da ƙasar Bavariya a kudu da ta Saksoniya a arewa. Mahaifiyarsa Gertrud kuwa 'yar Ƙaisar Lothar na Uku ce, wato sarkin sarakunan daular baki ɗaya. Da Lothar ya mutu a shekara ta 1137, an yi zaton surukin nasa ne zai gaje shi, to amma masu zaɓen sarki suka tsorata da ƙarfinsa, suka naɗa Konrad na gidan Staufen. Ba a jima ba sabon sarkin ya tuɓe shi daga sarautun biyu, kuma a shekara ta 1139 ya mutu ya bar yaro ƙarami a hannun mata biyu, uwa da kaka. Su ne suka tsaya tsayin daka tare da goyon bayan manyan Saksoniya har aka mayar wa yaron da wannan ƙasa a shekara ta 1142.

Bavariya kam sai da aka yi canjin sarki. A shekara ta 1152 mulki ya koma hannun Friedrich, wanda Italiyawa suka raɗa wa suna Barbarossa, wato mai jan gemu. Shi da Heinrich taubasai ne, domin uwar Friedrich 'yar'uwar mahaifin Heinrich ce. Kowannensu na da buƙata a wurin ɗan'uwansa: Friedrich na son mayaƙan da zai yi amfani da su a Italiya, Heinrich kuma na son gadon ubansa. Ya raka shi birnin Rum a shekara ta 1155, ya kuma taimaka wajen murƙushe boren da mutanen birnin suka yi a ranar naɗin sarauta. Shekara ɗaya bayan haka aka ba shi Bavariya, ko da yake an yanke mata yankin gabas an mai da shi ƙasa mai cin gashin kanta, wadda ita ce tushen Austriya ta yanzu. Ta haka Heinrich ya zama basarake mafi ƙarfi a Jamus in ban da Ƙaisar kansa, ƙasarsa ta kama tun daga tsaunukan Alps har bakin tekun Baltik.

Kasuwa a hannun sarki

A Turai ta wancan lokaci ba kowane gari ke da ikon cin kasuwa ba. Kasuwa hakki ce ta Ƙaisar, shi ke ba da ita ga wanda ya ga dama daga cikin sarakuna da bishop-bishop da shugabannin gidajen ibada, kuma a mafi yawan lokuta abubuwa uku ke tafiya tare a takardar izinin: ranar kasuwa, da kuɗin fito da ake karɓa a gada ko a ƙofar gari, da gidan buga kuɗi, tun da yake baƙon da ya zo sai ya canja kuɗinsa da na garin kafin ya yi ciniki. A madadin haka mai kasuwa ya ɗauki alhakin lafiyar duk wanda ya zo, tun daga hanya har ya koma. Wanda ya zare makami a kasuwa hukuncinsa ya fi na wanda ya yi hakan a wani wuri tsanani, akwai kuma alƙali na musamman da ke duba mudu da ma'auni, ya yanke shari'ar bashi nan take ba tare da an tsare falke kwana da kwanaki ba.

Ƙarni na 12 lokaci ne da jama'a ke ƙaruwa, ana sare dazuzzuka ana buɗe gonaki, manoma kuma suna samun rarar hatsi da suke neman inda za su sayar, su sayi gishiri da ƙarfe da tufafi. Sarakuna suka lura cewa garin kasuwa na kawo tsabar azurfa, alhali ƙauye ba ya kawo komai sai hatsi da aikin gayya. Sai aka shiga kafa garuruwa da gangan. Heinrich bai yi nisa ba wajen neman abin koyi, domin mahaifin matarsa ta farko, Konrad na gidan Zähringen, shi ne ya kafa kasuwar Freiburg a shekara ta 1120, inda ya kira fatake daga wurare dabam-dabam ya yanka wa kowa fili mai tsawon ƙafa 100 da faɗin ƙafa 50 a kan ɗan kuɗin haya ƙayyadadde a shekara. Sannu a hankali kuma wata al'ada ta kafu a garuruwa da dama, cewa talakan da ke ɗaure da gonar ubangidansa, in ya gudo birni ya zauna shekara ɗaya da kwana ɗaya ba a zo nemansa ba, to ya zama ɗa. Wannan ne ya cika garuruwan da masu sana'a.

Abin da ya bambanta Heinrich da sauran takwarorinsa shi ne yadda ya fahimci cewa hanyar fatake aba ce da za a iya karkatar da ita da ƙarfi, kamar yadda manomin rani ke karkatar da ruwa zuwa fadamarsa.

Babbar kasuwarsa a arewa ita ce Bardowick, tsohon gari a bakin kogin Ilmenau, wanda tun a shekara ta 805 dokar Ƙaisar Karl Babba ta ambace shi cikin wuraren da aka amince a yi ciniki da ƙabilun Slav na gabas. Kusa da shi akwai Lüneburg mai rijiyoyin gishiri, gishiri kuwa a Turai ta lokacin darajarsa ba ta kasa ta gishirin Bilma a ƙasar Hausa ba, domin da shi ake adana nama da kifi don lokacin hunturu da kwanakin azumin Kiristoci. Ana nan sai wani hakiminsa, Adolf na Biyu mai riƙe da Holstein, ya kafa sabon gari a shekara ta 1143 a kan wani tudu da ke tsakanin kogin Trave da na Wakenitz, ya sa masa suna Lübeck, sunan wani tsohon garin Slav da aka rushe a kusa da wurin. Daga nan jirgin ruwa na iya sauka kai tsaye zuwa tekun Baltik. Cikin 'yan shekaru fataken Bardowick suka fara kwashe kayansu suna komawa can, kuɗin shigar Heinrich ya ragu, ga kuma gishirin da Adolf ke dafawa a Oldesloe yana karya farashin na Lüneburg.

Wani limamin coci mai suna Helmold, wanda ya rayu a yankin a daidai wannan lokaci ya kuma rubuta tarihinsa, ya bayyana yadda aka ƙare. Heinrich ya nemi Adolf ya ba shi rabin garin da rabin gishirin. Adolf ya ƙi. Sai Heinrich ya kafa dokar hana sayar da komai a kasuwar Lübeck in ban da kayan abinci, ya kuma sa aka toshe rijiyoyin gishirin Oldesloe. A shekara ta 1157 gobara ta cinye garin, mazaunansa suka ga babu amfanin sake gini a inda aka hana kasuwa, suka roƙi Heinrich ya nuna musu wani wuri. Ya gina musu sabon gari a can saman kogin Wakenitz, ya sa masa suna Garin Zaki, to amma ruwan wurin ba shi da zurfi, ƙananan kwale-kwale ne kawai ke iya isa. A nan ƙarfin sarauta ya tarar da iyakarsa, don kuwa doka ba ta ƙara wa kogi zurfi. Ya koma yana matsa wa hakimin lamba, da lallashi da barazana, har a shekara ta 1159 Adolf ya miƙa masa tudun. Shekaru biyar bayan haka shi wannan Adolf ya mutu a fagen daga yana yi wa Heinrich yaƙi.

Da wurin ya zama nasa, duk abin da ya hana sai ya dawo da shi ninki. Ya kafa gidan buga kuɗi da wurin karɓar kuɗin fito, ya ba garin dokoki masu sauƙi, ya tura manzanni zuwa Denmark da Sweden da Norway da Rasha yana yi wa fatakensu alƙawarin aminci in suka zo. A shekara ta 1160 aka mayar da kujerar bishop na yankin zuwa Lübeck. A shekara ta 1161 kuma ya sasanta wata gaba da ta kai ga zubar da jini tsakanin fataken Jamus da na tsibirin Gotland, waɗanda su ne ke riƙe da cinikin tekun Baltik a lokacin. Takardar sulhun da ya bayar a Artlenburg ta yafe wa mutanen Gotland kuɗin fito a ƙasarsa, ta kare rayukansu, ta kuma tanadi cewa in ɗayansu ya mutu a can za a ajiye dukiyarsa don magada, da sharaɗin su ma su yi wa Jamusawa haka a tsibirinsu, su kuma riƙa zuwa Lübeck a kai a kai. Ta wannan ƙofa ce fataken Jamus suka bi sawun na Gotland har zuwa Novgorod ta Rasha, suna kai gishiri da tufafin ulu, suna dawowa da fatu masu gashi da kakin zuma da kifi.

Sai dai bai kamata a manta da cewa wannan bunƙasa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da takobi ba. Ƙasar da ke gabas da Lübeck ta ƙabilun Slav ce masu addinin gargajiya, waɗanda aka kai wa yaƙi da sunan addini a shekara ta 1147 da Heinrich a cikin jagorori. A shekara ta 1160 aka kashe sarkinsu Niklot, Heinrich ya kafa garin Schwerin a kan kufan ganuwarsa, aka kawo manoma daga yamma aka zaunar da su a gonakin mutane. Shi kansa Helmold, duk da kasancewarsa limamin coci, ya yi ƙorafin cewa a yaƙe-yaƙen Heinrich na ƙuruciya maganar kuɗi ake yi, ba ta addini ba.

Gadar gishiri

A kudu ma gishirin ne. Ayarin da ke ɗauko shi daga Reichenhall zuwa yamma dole ya ƙetare kogin Isar, kuma gadar da ake bi tana Föhring, ƙarƙashin bishop na Freising, wanda ke cin kasuwar wurin da kuɗin fitonta. Bishop ɗin, Otto, ba ƙaramin mutum ba ne: baffan Ƙaisar Friedrich ne, kuma ɗaya daga cikin manyan marubuta tarihi na zamaninsa. Duk da haka Heinrich ya karkatar da hanyar zuwa wata gada da ke 'yan kilomitoci sama da nan a cikin ƙasarsa, kusa da wani ɗan matsuguni da ake kira wurin sufaye, daga nan ne sunan München, wato Munich, ya samo asali. Wata takardar fada ta shekara ta 1180 ta zarge shi da rushe gadar bishop da ɗauke kasuwarsa da ƙarfin tsiya.

Otto ya kai ƙara. Ƙaisar ya samu kansa tsakanin baffa da taubashi, ga shi kuma yana shirin fita yaƙin Italiya inda yake buƙatar sojojin taubashin. A ranar 14 ga watan Yunin shekara ta 1158, a birnin Augsburg, ya yanke hukuncin cewa kasuwa da gada da gidan buga kuɗi su tsaya a sabon wurin, amma kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu a riƙa bai wa bishop. Wannan takarda ita ce ta farko da ta ambaci sunan Munich, kuma ranar ce birnin ke ɗauka a matsayin ranar kafuwarsa. Otto ya mutu a watan Satumban wannan shekara. Daga baya, bayan faɗuwar Heinrich, an ba da umarnin a mayar da kasuwar Föhring, to amma fatake sun riga sun saba da sabuwar hanya, umarnin ya tsaya a takarda. A yau Föhring unguwa ce a cikin birnin Munich.

Shi kansa Heinrich bai damu da zama a Bavariya ba. Zuciyarsa na Braunschweig a Saksoniya, inda ya gina fada irin ta Ƙaisar, ya sa aka busar da wata fadama a bakin kogin Oker aka mai da ita unguwar masaƙa da 'yan kasuwa mai suna Hagen, ya kuma kafa mutum-mutumin zaki na tagulla a ƙofar fada a wajajen shekara ta 1166. A shekara ta 1168 ya auri Matilda, 'yar sarkin Ingila Henry na Biyu. A shekara ta 1172 ya kai ziyarar ibada birnin Ƙudus da babbar tawaga, aka karɓe shi a Ƙustanɗiniyya kamar sarki mai cikakken iko. A hanyarsa ta dawowa ta Anatoliya ya sauka wurin Sultan Ƙilij Arslan na Biyu na Saljuƙawa, wanda, bisa ga abin da marubuci Arnold na Lübeck ya ruwaito, ya karrama shi da tufafin alharini da dawaki da raƙuma da damisa biyu, ya kuma saki wasu Kiristoci da yake tsare da su.

A gida kuwa maƙiya sun yi masa yawa. Ya ƙwace gadon gidajen da ba su bar magaji namiji ba, ya naɗa bishop-bishop da kansa, ya kuma mai da 'yan'uwansa sarakuna tamkar barorinsa. Daga shekara ta 1166 suka haɗa kai suka yaƙe shi, kuma kowane lokaci Ƙaisar ne ke shiga tsakani ya cece shi. Wannan inuwa ta kau a farkon shekara ta 1176. Garuruwan kasuwa na arewacin Italiya, a ƙarƙashin jagorancin Milan, sun ƙulla ƙawance sun ƙi biyayya, Friedrich ya kira taubashinsa zuwa Chiavenna ya roƙe shi agaji. Marubutan da suka zo daga baya sun ce har durƙusawa ya yi a gabansa. Heinrich ya gindaya sharaɗin a ba shi Goslar, garin da ke da ma'adinan azurfa na Rammelsberg. Ƙaisar ya ƙi, shi ma ya ƙi. A ranar 29 ga watan Mayun wannan shekara rundunar garuruwan ta fatattaki Ƙaisar a Legnano, abin da ya nuna wa duk Turai matsayin da attajirai da masu sana'a suka kai.

Da Friedrich ya dawo sai ya buɗe kunne ga masu ƙara. An kira Heinrich gaban shari'a sau da dama a shekara ta 1179, bai je ba, kuma a cikin wannan shekara ce sojojinsa suka ƙone birnin Halberstadt. A watan Janairun 1180 aka yanke hukuncin ƙwace sarautunsa. Aka raba Saksoniya, yammacinta ya koma hannun babban bishop na Kolon, sauran kuma aka bai wa Bernhard na Anhalt. Bavariya aka miƙa ta ga Otto na gidan Wittelsbach, wanda zuriyarsa ta ci gaba da mulkinta har shekara ta 1918. Barorin Heinrich suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Lübeck ne suka nuna masa halacci: da Ƙaisar ya kewaye garin a shekara ta 1181, sai da suka aika aka nemo izinin ubangidansu kafin suka buɗe ƙofa, suka kuma samu tabbacin cewa ba za a taɓa dokokinsu ba. A watan Nuwamba Heinrich ya durƙusa a gaban Friedrich a Erfurt. Aka bar masa gadon gidansu na Braunschweig da Lüneburg kawai, aka kuma kore shi daga ƙasar. A shekara ta 1182 ya tafi wurin surukinsa sarkin Ingila, inda aka haifa masa ɗa mai suna Wilhelm a Winchester. Ta tsatson wannan ɗa ne gidan Hanover ya fito, wanda ya hau gadon sarautar Birtaniya a shekara ta 1714.

Ya dawo a shekara ta 1185, aka sake korarsa a farkon 1189 lokacin da Ƙaisar zai fita yaƙin Salibiyya na uku, yaƙin da bai dawo daga gare shi ba, domin ruwa ya ci shi a wani kogi a Anatoliya a shekara mai zuwa. Heinrich bai jira wa'adi ya cika ba. Matarsa ta mutu a watan Yuni, da kaka kuma ya sauka a arewacin Jamus yana neman ƙwato abin da ya rasa. Garuruwa da dama suka karɓe shi. Bardowick ta rufe masa ƙofa. Mutanen garin ba su manta ba cewa shi ne ya toshe Lübeck domin su, sannan da Lübeck ta zama tasa ya juya musu baya ya bar kasuwarsu ta bushe. Ana kuma ba da labarin cewa sun yi masa wulaƙanci a lokacin da zai tafi gudun hijira ta farko. A ranar 28 ga watan Oktoban 1189 sojojinsa suka shiga garin suka rushe shi, majami'u kawai aka bari. Sauran cinikin da ya rage ya koma Lüneburg da Hamburg da Lübeck.

Wannan nasara ba ta mayar masa da mulki ba. Ya yi sulhu da sabon Ƙaisar, Heinrich na Shida, a shekara ta 1194, ya ƙare kwanakinsa a Braunschweig yana sa ana tattara littattafan tarihi ana karanta masa. Ya mutu a ranar 6 ga watan Agustan 1195, aka binne shi kusa da Matilda a majami'ar da ya fara ginawa a shekara ta 1173. Ɗansa Otto ya zama Ƙaisar a shekara ta 1209. Littafin Linjila mai zanen zinariya da ya sa aka rubuta wa majami'ar an sayar da shi a gwanjo a London a watan Disamban 1983 a kan fam miliyan 8 da ɗoriya, aka mayar da shi Jamus.

Lübeck ta samu 'yancin zama ƙarƙashin Ƙaisar kai tsaye a shekara ta 1226, ta kuma riƙe wannan matsayi na birni mai mulkin kansa har shekara ta 1937. Garuruwa kimanin 100 a gaɓar tekun Baltik suka ari dokokinta, ita ce kuma ta zama uwar ƙawancen fatake na Hansa, wanda ya yi babban taronsa na farko a can a shekara ta 1356. Bardowick ba ta sake zama birni ba. Mutanenta suka koma noman kayan lambu, matansu na kai albasa da karas kasuwar Hamburg ta jirgin ruwa, har yanzu kuma akwai wani titi a Hamburg mai suna Zippelhaus, wato gidan albasa, a inda ɗakin ajiyarsu yake a da. Babbar majami'ar garin na nan tsaye a tsakiyar gonaki, girmanta ya fi ƙarfin ƙauyen da ke kewaye da ita, a saman ɗaya daga cikin ƙofofinta kuma akwai ɗan gunkin zaki da rubutun Latin a ƙarƙashinsa da ke cewa wannan sawunsa ne.